Kwaɓin da Cosima Ta Hana 'Yarta

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, Cosima ta fita daga gida ƙarfe shida saura kwata, kamar kullum. Tsakanin gidanta da gidan abincin 'yarta Palma tafiyar minti bakwai ce a ƙafar mace mai shekara saba'in da huɗu. Birnin Torino bai gama farkawa ba, amma zafi ya riga ya sauka a kan titi.

Kafin ƙarfe shida ta buɗe ƙofar baya, ta wanke hannu, ta yaye ƙyallen da ke kan kwanon tangaran. A ciki tsohon kwaɓinta yake: fulawa ce da ruwa da suka yi tsami, shi ke tayar mata da burodi, don ba ta taɓa sayen yis ba. Kullum sai ta ɗebi na burodin ranar, ta ciyar da sauran da sabuwar fulawa da ruwa, ta jiƙa ƙyalle ta rufe. In aka bar shi 'yan kwanaki cikin zafi ba a ciyar ba, ya mutu.

Mahaifiyarta ce ta ba ta shi ranar aurenta a garinsu Grottaglie, can kudu, kamar yadda ita ma ta karɓa daga tata uwar. Haka ake yi a danginsu: uwa ba ta ɗebar wa 'ya sai ranar da 'yar za ta kafa gidan kanta. Shekara guda da auren, mijinta Cataldo ya sami aiki a masana'antar motoci a arewa. Awa goma sha takwas suka yi a jirgin ƙasa, kwanon yana kan cinyarta, kuma a hanya ta ciyar da shi da ruwan gorarta. A Torino ta haifi Ciro, ta haifi Palma, ta binne Cataldo. Shekara hamsin da uku, hannun wani bai taɓa shiga kwanon nan ba da saninta.

Ƙarfe takwas Palma ta dawo daga kasuwa da tumatir da ganye, tana ture ƙofa da gwiwar hannu. Ta karanta ilmin haɗa sinadarai a jami'a, ta yi shekara goma sha takwas a ɗakin gwaji na wani kamfanin fenti, sannan wata rana ta ajiye aikin ta buɗe wannan wuri mai tebur tara. Ba ta ɗauki kuku ba. Tsofaffi uku ta ɗauko, kowace da kwana biyu a mako, kowace ta dafa abincin garinsu yadda kakarta ta dafa. Cosima na da Talata da Juma'a. Egle, mutuniyar garin Ferrara, na da Laraba da Asabar. Gavina, wadda ta zo daga tsibirin Sardinia, na da Alhamis da Lahadi. Abincin rana kawai ake yi. Burodi kuwa kullum na Cosima ne.

Ƙarfe goma Egle da Gavina suka shigo, alhali ba ranarsu ba ce. Ba su taɓa fashin ranar juna ba, don kowace na son ganin kuskuren 'yar'uwarta da idonta. Cosima na zaune tana yankan taliya, tana jan kowane ɗan gutsure da bakin wuƙa, tana kifa shi a kan babban yatsa ya fito kamar ɗan kunne.

Egle ta leƙa tukunya. "Ke Cosima, wannan man zaitun da kika kwarara, ci za su yi ko wanka?"

"Gara nawa. Ke da har ruwan sha in an ƙyale ki sai kin sa masa bota."

"Botar tawa ce ta cika wurin nan ranar Asabar."

"Ruwan sama ne ya koro su, tsohuwa. Fakewa suka zo yi."

Gavina ta ja kujera. "Ku yi ta yi. Ni kofi na zo sha, sai kuma in ga wadda za ta fara faɗuwa."

Ƙarfe goma sha biyu da rabi tebura suka cika. Wata baƙuwa ta leƙo kicin ta ce, "Nonna," wato kaka, "fulawa nawa kike sawa?" Cosima ta ce, "Daidai yadda za ta isa." Matar ta ce, "Ruwa fa?" Ta ce, "Shi ma haka." Palma na tsaye a bakin ƙofa da faranti huɗu, ta ɗaga ido sama. Shekara shida tana roƙon tsofaffin nan su bari a auna abin da suke zubawa. Ƙaramin sikelin da ta sayo, Cosima ta ɗora masa tukunyar fure.

Ƙarfe uku aka rufe, suka zauna cin abin da ya rage. Nan Palma ta sake tayar da maganar da take tayarwa sau biyu ko uku a shekara.

"Mama, cokali ɗaya dai. In ajiye a gidana."

"Kin samo mijin?"

"Haba Mama, shekarata arba'in da bakwai."

"Ni na haife ki, ba sai kin tuna mini ba. Ranar aurenki, ko ranar mutuwata. Zaɓi ɗaya."

"In wani abu ya sami kwanon fa? Wuri ɗaya yake a duk duniya."

"Me zai same shi ina raye? In na mutu ki ɗauka har da kwanon. Amma ban mutu ba tukuna."

Egle ta ƙware da ruwa. Gavina ta sunkuyar da kai tana ta goge farantinta da burodi. Palma ta yi dariya, ta tashi ta sumbaci uwarta a ka.

Ƙarfe biyar suka kulle. A bakin titi Palma ta ce gobe za ta yi sammakon kasuwa saboda kifin Egle. Cosima ta ce mata ta sa hula, rana na da zafi. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Laraba, ƙarfe bakwai da minti ashirin, Cosima ta gama ciyar da kwaɓi, ta rufe shi ke nan, wayarta ta yi ƙara. Lambar Palma ce, amma muryar namiji.

"Signora," in ji shi, wato uwargida, "ke ce mahaifiyar Palma? Ni ne mai kifi. Ta faɗi a gaban rumfata. Sun tafi da ita asibiti."

Cosima ta ce, "Santsi ne?"

Mutumin ya ce, "Ki dai zo, Signora."

Ta tafi da fulawa a hannunta. A asibiti wata likita ta kai ta wani ƙaramin ɗaki, ta zaunar da ita, ta ce jijiyar jini ce ta fashe a cikin kan Palma, kuma kafin motar ta iso asibiti rai ya yi halinsa. Ta ce da wuya in ta ji zafi fiye da na 'yan daƙiƙoƙi.

Cosima ta dube ta. "A'a, 'yata. Ni ce mai hawan jini. Ita ko ciwon kai ba ta yi. Ki sake dubawa."

Likitar ta riƙe mata hannu. Da ta saki, akwai fulawa a tafinta, sai Cosima ta ce, "Yi haƙuri, na ɓata ki," ta shiga neman abin goge mata. Ba ta yi kuka ba. Aka miƙo mata jakar leda mai ɗauke da waya, da makullai, da hular da ta ce a sa.

Ciro ya iso daga Jamus da la'asar tare da matarsa Annika. Shi ya je ya kashe wutar gidan abincin, ya rufe tagogi, ya manna takarda a ƙofa. Ranar Juma'a aka yi jana'iza. Abin da Cosima ta riƙe daga cocin kawai shi ne cewa fada, limamin cocin, ya faɗi sunan Palma sau biyar, ita kuma kowane lokaci sai ta waiga.

A garinsu ba a hura wuta a gidan makoki, ba a taɓa fulawa, mai makoki kuma ba ya fita. Maƙwabta ke kawo abinci. Wasu kwana uku suke yi. Uwar Cosima takwas take yi, don haka takwas ta yi. Gavina ta san al'adar, don a tsibirinsu ma haka ne. Egle ba ta san ta ba, amma ta bi. Kullum da rana su biyun za su hau bene da kwando: romon kaza da taliyar Egle, ko gurasar Gavina mai sirara kamar takarda. Su zuba mata, su zauna, su kwashe kusan yadda suka kawo. Ba sa faɗa. Wannan shirun nasu ya fi komai tabbatar mata cewa abin ya faru da gaske.

A rana ta tara ta farka ƙarfe biyar da rabi, ta sa takalmi, ta ɗauki makulli, har ta kai ƙofar gida kafin ta gane inda ƙafarta za ta. Ta tsaya riƙe da mariƙin ƙofa. Kwana takwas cur kwanon bai faɗo mata a rai ba ko sau ɗaya.

Da ta isa gidan abincin, kicin ɗin ya yi zafi kamar cikin tanderu. Tun daga ƙofa ta ji warin. Ƙyallen ya bushe ya manne, da ta ɓamɓare shi sai ta ga funfuna ta rufe saman, kore da baƙi, da jan ruwa kwance a gefe. Ta sa cokali ta tona har ƙasa ko za ta sami wuri mai kyau. Babu.

A nan Egle da Gavina suka same ta ƙarfe takwas, zaune a kan kujera, kwanon a cinyarta.

Ta ce, "Gavina, ba kina da makulli ba?"

"Ina da shi."

"Ba ki tuna ba?"

"Kullum sai na tuna, 'yar'uwa. Sau biyu ina zuwa har bakin ƙofar nan. Amma yaya zan sa hannu a kwanonki ba ki ce ba? Kuma yaya zan shigo gidan makoki in yi miki zancen fulawa?"

Cosima ta juya. "Ke fa, mai bakin da ba ya rufuwa?"

Egle ta ce, "Ranar da na matsar da shi kawai don in goge kantar da yake kai, wata guda kika yi ba ki amsa gaisuwata ba. Na ce a raina Gavina za ta yi. Ashe ita ma ni take jira."

Cosima ta dubi kwanon. Abin da ta koya musu suka yi. Ta kwashe kwaɓin a takarda da hannunta, ta kai shara, ta wanke kwanon sau uku, ta kifa shi. Egle ta fara cewa, "Cosima, akwai wata magana..." Gavina ta taka mata ƙafa. Cosima ba ta ma ji ba.

Hutun Ciro ya kusa ƙarewa, don haka ranar Litinin suka je kwashe kayan gidan Palma. Ciro da Annika suka shiga ɗakin kwana. Tsofaffin uku suka ɗauki kicin, don Cosima ta ce ba za ta iya ganin gadon ba. Ta buɗe firji tana fitar da abin da ya lalace: madara, rabin lemon tsami, latas da ya narke. A can baya, bayan kwalbar zaitun, akwai wata kwalba mai faɗin baki, an ɗaura mata roba a tsakiya. A ciki farin kwaɓi ne, ɗan ruwa mai duhu ya taru a samansa. A jikin murfin an manna takarda da rubutun Palma: Na Mama. An ɗeba 14 ga Mayu. Shekarar da ke ƙasa ta nuna shekara uku ke nan.

Cosima ta buɗe, ta kai hanci. Ta san warin kamar yadda ta san warin kan 'ya'yanta. Ta zauna a ƙasa a gaban firjin da ke buɗe.

"Sata ta yi mini."

Egle ta ce, "Mu uku muka yi."

"Ku uku?"

"Kin tuna ranar da na ce taliyarki kamar kunnen alade? Kika biyo ni har titi da muciya? Ai shiri ne. Gavina ce mai gadin ƙofa, Palma ta ɗeba da cokalin shayi."

Gavina ta ce, "Ta rantsar da mu kada mu faɗa. Ranar Alhamis Egle ta so gaya miki, ni na hana. Na ce in muka sa miki rai muka zo muka tarar shi ma ya mutu, kin yi rashinsa sau biyu ke nan."

A kan firjin suka ga sikeli irin wanda Cosima ta ɗora wa fure, da littafi mai baƙin bango. Cosima ba ta zo da tabarau ba, sai Egle ta karanta mata. Kowace Litinin an rubuta kwanan wata, da giram na fulawa, da giram na ruwa, da awa nawa kwaɓin ya yi kafin ya ninka. Ta ƙarshe takwas ga Yuli ce. A bayan littafin kuma girke-girkensu ne, su ukun duka. Ashe Palma kan auna buhun fulawa da kwalbar mai kafin su fara aiki, ta sake aunawa in sun gama.

Egle ta karanta: "Mama ta ce daidai yadda za ta isa. Talata giram 412. Juma'a 405. Talata 418. Ranar da ta yi faɗa da Egle gishiri kan ƙaru da giram uku."

Gavina ta yi wata 'yar dariya, ta toshe baki. Egle ta juya shafi, ta karanta a zuci.

Cosima ta ce, "Karanta."

"Yau na sa burodina a kwando ɗaya da nata. Ta ci nawa. Ta ce wa Gavina, ji wannan, hannuna bai taɓa kuskure ba."

Nan ne Cosima ta yi kuka, karo na farko tun ranar Laraba. Ciro ya fito da gudu, Gavina ta yi masa alama da hannu ya koma.

Da ta natsu ta ce a miƙo mata kwalbar. Mako biyu ke nan ba a ciyar da shi ba, kuma ita ba ta taɓa rainon kwaɓi a firji ba, ba ta san yadda ake tayar da shi ba. Ta ce wa Egle, "Duba, ta rubuta?" Ashe Palma ta rubuta, a shafi na biyu. Cosima ta zubar da ruwan saman, ta ɗora kwano a kan sikelin, ta tsaya tana kallon maɓallan.

"Wanne ake dannawa?"

Annika ce ta nuna mata. Giram hamsin na kwaɓi, hamsin na fulawa, ashirin da biyar na ruwa. Hannunta ya so ya ƙara fulawa, ta hana shi. Ta mayar cikin kwalba, ta gyara robar daidai tsayin kwaɓin kamar yadda littafin ya ce, ta ajiye a kan tebur. Ƙarfe goma sha ɗaya ne.

Aka ci gaba da naɗe kaya, ita tana zaune a gabansa. Ƙarfe biyu bai motsa ba. Ƙarfe huɗu Egle ta ce kamar tana ganin ƙananan ƙofofi a jikin gilashin, Cosima ta ce idonta ne. Ƙarfe biyar da kwata kwaɓin ya wuce robar da faɗin yatsa ɗaya. Cosima ta karɓi biro, ta sa Annika ta nuna mata layin da ke ƙarƙashin takwas ga Yuli, ta rubuta kwanan wata da lokaci da manyan baƙaƙenta.

Ga yadda aka yi da kayan Palma. Tufafi da takalma, jaka goma sha ɗaya, an kai wa matan coci masu raba wa mabuƙata. Littattafan jami'a Ciro ya tafi da su, don babban ɗansa na son fannin. Motarta ma shi ya tuƙa ta zuwa Jamus. Gado da kujeru wasu sabbin ma'aurata a benen ƙasa suka ɗauka. Sarƙar baftismarta Cosima ta sa a wuya. Hular tana cikin jakar ledar asibiti, a cikin kabad, ba a buɗe ba.

Littafin an buga shi kwafi huɗu, na asalin yana wurin Cosima. Sikelin Palma yana kan teburin kicin na gidan abincin, wanda tsofaffin suka sake buɗewa a watan Satumba, kwana uku a mako. An sauke tukunyar fure daga kan ɗayan, Gavina ta tafi da shi gida.

Kwaɓin kuwa sai da Cosima ta ciyar da shi kwana biyar ya yi ƙarfi, sannan ta raba shi huɗu. Kashi ɗaya ta ba Egle, ta ce in ta ji warin bota a ciki za ta zo ta karɓe abinta. Ɗaya ta ba Gavina. Ɗaya ta ba Annika, wadda ta dawo takanas a jirgin ƙasa ta ɗauka, ta riƙe shi a cinya har birnin Stuttgart na Jamus. Na huɗun ta bar shi a kwalbar Palma, da robarta da takardarta. Kwanon tangaran yana nan a kan kantar gidan abincin, a kife.